Katin yawo ko tikiti ɗai-ɗai? Lissafin jirgin ƙasa a tsaunukan Alps ga mai ƙaramin guzuri

Daga Zurik zuwa Bern, fadar gwamnatin Suwizalan, tafiyar ba ta cika awa ɗaya ba a jirgin ƙasa, amma cikakken kuɗin tikitinta a taragon gama-gari ya haura faran 50 (faran shi ne kuɗin ƙasar). Zurik zuwa Janiba kuwa wajen faran 90 ne, zuwa kaɗai ban da dawowa. Duk baƙon da ya ga waɗannan alƙaluma a karon farko sai gabansa ya faɗi, kuma a cikin wannan faɗuwar gaba ne yawancin mutane ke rugawa su sayi katin yawo, wato katin nan da ake biya sau ɗaya mutum ya yi ta hawan jirage na wasu kwanaki ba tare da ya sake yankar tikiti ba. Wani ya ci riba da shi. Wani kuma sai ya koma gida ya zauna da biro zai gane ashe ya biya kuɗin tafiyar da bai yi ba.

Abin ya yi kama da sayen hatsi. Mai gida babba buhu yake saye, don awo cin kuɗi ne a gare shi. Gwauro kuwa in ya sayi buhu sai ya yi ƙwari kafin ya ci rabi. Katin yawo buhu ne, tikiti ɗai-ɗai awo ne. Sai dai a tsaunukan Alps akwai wani abu na uku da ke tsakanin buhu da awo, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da yawancin masu tafiya da ƙaramin guzuri, ga shi kuma shi ne ba a cika tallatawa ba. Za mu zo kansa.

Da farko dai a san cewa Alps ba ƙasa ɗaya ba ce. Tsaunukan sun ratsa ƙasashe takwas: Faransa, Monako, Italiya, Suwizalan, Liechtenstein, Jamus, Ostiriya da Sulobeniya, kuma kowace da yadda take yanka farashin jirgi. Shawarar da ta yi daidai a Interlaken ta Suwizalan kan iya zama asara a Innsbruck ta Ostiriya. Kuskuren farko ke nan da ake yi, a ɗauki tsadar Suwizalan a shafa wa dukkan yankin.

Katunan da kansu

Manyan katunan iri biyu ne. Akwai na Turai baki ɗaya, mai suna biyu: Eurail ga wanda ba a Turai yake zaune ba, Interrail ga mazaunin Turai. Mazauni ake dubawa, ba fasfo ba. Wanda ya taso daga Kano ko Yamai da bizar yawon buɗe ido Eurail zai saya, ɗalibin da ke da takardar zama a Jamus kuwa Interrail. An fara Eurail a 1959, Interrail a 1972, kuma babban katin yana aiki a ƙasashe 33. Ana sayar da shi ko dai na kwanaki a jere, ko na kwanaki tsinta-tsinta, misali kwana 4, 5 ko 7 a cikin wata ɗaya, ko 10 ko 15 a cikin wata biyu. Wanda bai kai shekara 28 ba yana samun rangwame, haka ma wanda ya kai 60.

Sai katin Suwizalan kaɗai, Swiss Travel Pass, na kwana 3, 4, 6, 8 ko 15. A farashin 2024, a taragon gama-gari, na kwana 3 faran 244 ne, na kwana 4 faran 295, na 6 faran 379, na 8 faran 419, na 15 kuma faran 459. Farashin kan motsa daga shekara zuwa shekara, amma tsarin yankansa yana nan yadda yake, kuma tsarin shi ne abin lura. Raba kuɗin da kwanakin ka gani. Na kwana 3 ya kama wajen faran 81 a kowace rana. Na kwana 8 wajen 52. Na kwana 15 wajen 31. Tsakanin na 8 da na 15 faran 40 ne kacal, ga ƙarin mako guda cur. Ma'ana, katin na mai daɗewa ne. Wanda ya zo kwana uku ya saye shi sai ya yi tafiyar da ta haura faran 81 kullum kafin ya mayar da kuɗinsa, kuma mai yin haka ta tagar jirgi kawai zai ga ƙasar.

Amma katin na Suwizalan yana da wani armashi da Eurail ba shi da shi. Ban da jirgin ƙasa, yana ɗauke da motocin nan rawaya na gidan waya masu shiga ƙauyukan da dogo bai kai ba, da jiragen ruwa na tafkuna, da bas da taragon cikin gari a garuruwa fiye da 90, da shiga gidajen tarihi fiye da 500. Yana kuma kai mutum har ƙololuwar wasu tsaunuka kyauta: Rigi, Stanserhorn da Stoos. Ga misalin yini guda da katin ke nuna bajintarsa. Ka shiga jirgin ruwa a Luzern da safe, wajen awa guda a kan tafki zuwa Vitznau, ka hau jirgin nan mai haƙora da ke hawa Rigi tun 1871, wanda shi ne jirgin hawa tsauni na farko a Turai, ka sauko ta ɗaya gefen zuwa Arth-Goldau, ka kama jirgi ka koma Luzern, da la'asar ka faɗa gidan tarihi. Ko sisi ba ka ƙara ba. Mai Eurail kuwa jirgin ƙasa na ƙarshen nan ne kawai katinsa ya ɗauke masa gaba ɗaya. Sauran sai rangwame ko cikakken biya.

Na tsakiyar

Abu na ukun da na ambata shi ne katin rabin kuɗi, Swiss Half Fare Card. A 2024 faran 120 ne na wata guda. Ba ya ba ka ko tafiya ɗaya kyauta, amma duk tikitin da ka yanka rabi za ka biya: jirgin ƙasa, bas, jirgin ruwa, da mafi yawan jiragen hawa tsauni. Su kansu 'yan ƙasar da irin wannan kati suke rayuwa, nasu na shekara ne, kuma miliyoyinsu ke riƙe da shi. Shi ya sa cikakken farashin nan mai tayar da hankali kusan baƙi kaɗai ke biyansa.

Lissafinsa ba shi da wuya. A farashin 2024, da zarar jimlar tafiye-tafiyenka a cikakken farashi ta wuce faran 240, katin ya fanshi kansa, kuma a Suwizalan 240 ba ta da wuyar kaiwa: zuwa da dawowa daga filin jirgin sama zuwa wani kwari mai nisa, da hawa tsauni ɗaya, shi ke nan an wuce. Gwada shi da katin yawo na kwana 8 ne ya fi ɗaukar hankali. Mai katin rabi ya biya 120, sannan rabin duk abin da ya hau. Kafin abin da ya kashe ya kai 419 na mai katin yawo, sai cikakken kuɗin tafiye-tafiyensa ya kai wajen faran 600 a cikin kwana takwas ɗin. Wanda ke sauya masauki kusan kullum, yau Janiba gobe Zermatt jibi St. Moritz, zai wuce 600 ba tare da ya sani ba. Wanda ya kama ɗaki a kwari guda yana fita yawon ƙafa, yana hawa jirgi na minti ashirin, ko kusa ba zai kai ba.

To nan ne wurin da na fi so a tsaya a duba da kyau, domin nan kuɗin mai ƙaramin guzuri ke zubewa. A Alps tsadar tana cikin hawa, ba cikin nisa ba. Kilomita ɗari a kwance ta fi arha a kan kilomita goma a tsaye. Jiragen da ke hawa ƙololuwa, da jiragen igiya masu rataye a waya, galibi na kamfanoni ne masu zaman kansu, kuma a daidai inda hanya ta fara miƙewa sama nan katin yawo ke sakin hannunka. Ɗauki Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi tudu a Turai, mita 3,454 sama da teku, wadda aka buɗe a 1912. Zuwa da dawowa daga Interlaken ya haura faran 200. Swiss Travel Pass zai kai ka Wengen ko Grindelwald kyauta, amma daga nan zuwa sama kashi 25 cikin ɗari kawai za a rage maka. Mai katin rabi kuwa rabi zai biya tun daga ƙasa har sama. A ƙaddara sashen saman faran 200 ne: mai katin 419 zai ƙara 150, mai katin 120 zai ƙara 100. Wato a kan tafiya mafi tsada a duk ziyarar, ƙaramin kati ya doke babba. A Gornergrat, jirgin da ke tashi daga Zermatt zuwa mita 3,089 inda ake fuskantar tsaunin Matterhorn, su biyun kunnen doki suke yi, kowa rabi, duk da ɗaya ya biya fiye da ninki uku na ɗaya wajen sayen kati.

Akwai wani tarko a nan da ke kama baƙi da yawa. Manhaja da shafin kamfanin jiragen ƙasar, SBB, sukan fara nuna farashin mai katin rabi, tunda shi ne abin da yawancin masu amfani da su ke biya. Baƙon da bai lura ba sai ya gina duk lissafinsa a kan rabin kuɗi, ko ma ya yanki tikitin rabi alhali ba shi da katin. Kafin a soma haɗa alƙaluma a tabbatar an zaɓi cikakken farashi.

Sayen wuri da sharaɗinsa

Masu cewa tikiti ɗai-ɗai ya fi arha gaskiya suke faɗa, in an saya da wuri. A Suwizalan tikitin yau da kullum farashinsa ɗaya ne, ko yau ka saya ko wata guda da ya wuce, kuma da shi za ka hau duk jirgin da ya zo a ranar a kan wannan hanya. Amma akwai na rangwame iri biyu. Supersaver yana ɗaure ka da jirgi guda a lokaci guda. Saver Day Pass kuwa yini ne sukutum a kan dukkan hanyoyin gama-gari na ƙasar, wanda a 2024 yake farawa daga faran 52, ko 29 ga mai katin rabi, yana ta hauhawa yayin da ranar ke matsowa. Dubi wannan 52 ɗin: daidai yake da kuɗin rana guda na katin kwana 8, kuma ya yi ƙasa sosai da 81 na katin kwana 3. Wanda ya san takamaimai ranaku biyu ko uku ne zai yi doguwar tafiya, ya haɗa katin rabi da Saver Day Pass na waɗannan ranaku, da wuya wani haɗi ya fi nasa sauƙi.

Sai dai araha ba ta ado. Na ɗanɗana wannan da kaina. Wata shekara na zauna makonni kafin tafiya na tsara komai ranar da ranar, har ina yaba wa kaina wayo. Ranar da na ware wa babban tsauni na yanki tikitin da ba a mayarwa, ba a sauya masa rana. Da asuba na ɗaga labulen ɗakin kwanan matafiya da na sauka, ban ga ko rufin gidan da ke tsallaken hanya ba. Hazo ne fari fat, ba irin namu na hunturu mai ƙura ba, wani mai laima da ke lafewa a fuska. A tasha akwai allo da ke nuna hoton ƙololuwar kai tsaye, kuma abin da ke kan allon kamar an shafe shi da farar ƙasa. 'Yan ƙasar suna kallonsa suna juyawa gida. Ni kuwa kuɗi sun riga sun fita, na hau. Na yi awa biyu a sama ina jin ƙararrawar wuyan shanu a wani wuri can ƙasa, ban ga saniya ba balle tsauni. Na sha shayi mai tsadar da har yau ba na son tunawa, na sauko. Washegari gari ya waye tangaran, ni kuma ina cikin jirgin barin kwarin, shi ma da tikitin da ba ya sauyuwa.

Tun daga ranar na daina yi wa katin yawo kallon kilomita nawa zai ba ni. Abin da ake saye da shi shi ne ikon canza shawara da ƙarfe bakwai na safe. A tsauni sama ce ke da iko, kuma yanayin arewacin Alps da na kudancinsa sukan saɓa. In ruwa ya tsare Luzern, sau da yawa rana na haskawa a Ticino, jihar da ke kudancin ƙasar, ga shi ramin Gotthard mai kilomita 57, mafi tsawo a duniya a hanyoyin jirgin ƙasa, da aka buɗe a 2016, ya mayar da tsallakawar abin wasa. Mai katin yawo sai ya ɗauki jaka ya bi rana. Mai katin rabi ma zai iya, da rabin kuɗi. Mai tikitin rangwame kuwa yana nan inda ya ɗaure kansa. Tsarin jadawalin ƙasar ma yana taimaka wa mai 'yanci: tun 1982 jirage ke tashi a minti guda na kowace awa ko rabin awa, suna haɗuwa da juna a manyan tashoshi, don haka wanda ya rasa wannan bai yi asarar komai ba sai ɗan jira.

Ka'idar da na tsaya a kai ita ce: tafiyar da ba ruwanta da yanayi, kamar ta shiga ƙasa da ta fita zuwa filin jirgi, a saye ta da wuri a ci rangwame. Hawa ƙololuwa kuwa kada a biya sai an ga sama da ido.

Jirage masu suna

Glacier Express da Bernina Express, jiragen alfarma masu taragon gilashi, su ne hotunan da ke jan mutane, kuma a kansu ake yawan ruɗewa. Katin yawo, ko na Suwizalan ko Eurail, yana ɗauke kuɗin tafiyar, amma ba ya ɗauke kuɗin kujera, wanda wajibi ne, kuma a Glacier Express yakan kai wajen faran 50 a lokacin bazara. Jirgin yana cin kusan awa takwas daga Zermatt zuwa St. Moritz, yana ƙetare gadoji 291 da ramukan dutse 91, yana haye mashigar Oberalp a mita 2,033. A nan kam katin yawo ko Saver Day Pass na da amfani, don cikakken tikitin ya haura faran 150.

Abin da tallar ba ta faɗa shi ne dogon ba na jirgin alfarmar kaɗai ba ne. Jiragen gama-gari na bin hanya ɗaya, ba kuɗin kujera, sai dai a sauya jirgi sau uku ko huɗu. Haka ma hanyar Bernina daga Chur zuwa Tirano ta Italiya, wadda hukumar UNESCO ta sa wani sashenta cikin kayan tarihin duniya a 2008. Gadar Landwasser mai tsayin mita 65, da tashar Ospizio Bernina a mita 2,253, da gadar nan ta Brusio mai nannaɗewa kamar gammo, duk mai ƙaramin jirgi zai gan su. Ni na ma fi son ƙaramin. Kana iya sauka a Alp Grüm ka zauna awa guda ka kama na gaba, kuma a wasu tsofaffin taragon taga na buɗuwa, iskar ƙanƙara ta doki fuskarka. Mai taragon gilashi yana zaune a kujerarsa har ƙarshe.

In an fita daga Suwizalan

Da zarar an tsallaka iyaka lissafin ya juye, kuma ba sai an daɗe a kansa ba. Daga Tirano zuwa Milan jirgin yanki ne na wajen awa biyu da rabi, kuɗinsa Yuro goma sha wani abu. Ƙona rana guda ta Eurail a kansa asara ce, tunda katin kwana 4 na babba ya kusa Yuro 300, kusan 70 ke nan a kowace rana. A Ostiriya kamfanin ÖBB na sayar da tikitin rangwame mai suna Sparschiene ga mai sayen wuri, sannan ga Einfach-Raus-Ticket na mutum biyu zuwa biyar a jiragen yanki. A kudancin Jamus akwai Bayern-Ticket, yini guda a jiragen yanki a kan wajen Yuro 30 a farashin 2024, kowane ƙarin mutum da ɗan ƙari kaɗan har mutum biyar, kuma yana kai wa har Salzburg da Kufstein cikin Ostiriya. A ranakun aiki duka biyun sai ƙarfe tara na safe suke fara aiki. Da shi ake zuwa Garmisch-Partenkirchen daga Munik, gindin Zugspitze, tsauni mafi tsayi a Jamus, ko da yake hawa ƙololuwar kansa biya ne daban, kamar kullum. Akwai kuma Deutschlandticket na wata guda, da aka fara a Mayun 2023 a kan Yuro 49 kafin a ƙara masa kuɗi, amma rajista ce mai sabunta kanta. Wanda bai soke ba kafin 10 ga wata zai biya na gaba ko da yana Zariya.

A Faransa da Italiya Eurail na da wani ciwon kai. Jiragen gudu irin su TGV da Frecciarossa ba a hawansu sai da kuɗin kujera a kan katin, kuma a wasu hanyoyin ƙetare iyaka kujerun da ake ware wa masu kati kan ƙare. A Suwizalan, Ostiriya da Jamus kuwa yawancin jirage shiga kawai ake yi. Saboda haka Eurail ya fi yin rana ga wanda zai ratsa ƙasashe uku ko huɗu da dogayen tafiye-tafiye, musamman matashi mai rangwame, ko wanda bai samu damar sayen wuri ba. Irin wannan mutumin ya ɗauki na tsinta-tsinta, ya ajiye ranakunsa don manyan tsallake kamar Munik zuwa Zermatt, gajerun kuma ya yi awo. Jirgin dare rana ɗaya yake ci, ranar tashi, amma gado biya ne daban.

Abubuwan da ke karkatar da ma'auni

Iyali na sauya lissafi fiye da komai. Duk wanda ya sayi Swiss Travel Pass ko katin rabi na baƙi yana iya karɓar Swiss Family Card kyauta, kuma da shi 'ya'yansa daga shekara 6 zuwa ƙasa da 16 za su bi shi ba biya, har a jiragen hawa tsauni da dama. Waɗanda ba su kai 6 ba dama kyauta suke hawa. Uba da uwa da yara uku, katin rabi biyu sun wadatar, kuma mutum biyar na tafiya a kan kuɗin babba ɗaya. Matashin da bai kai 25 ba kuma ana rage masa kashi 30 cikin ɗari a katin yawo na Suwizalan, abin da ke iya mayar da rinjaye wajen katin.

Sai katin baƙo na masauki, wanda mutane da yawa ke cusawa a aljihu ba su karanta ba. Wanda ya kwana a otal ko ɗakin matafiya ko sansanin tanti a Ticino yana samun Ticino Ticket, hawa kyauta a duk jihar tsawon zamansa. Janiba da Basel da Luzern suna ba masu kwana katin hawa motocin gari. A Chamonix ta Faransa katin baƙo na ɗauke kuɗin jirgin kwarin tsakanin Servoz da Vallorcine. Mai katin yawo na kwanaki a jere da ya zauna kwana uku a irin waɗannan wurare ya biya abu ɗaya sau biyu. Akwai kuma katunan yanki, irin su Berner Oberland Pass da takwaransa na kewayen Luzern, waɗanda ke ɗauke da jiragen igiya da yawa da katin ƙasa ke ba da rabi kawai a kansu. Ga mai zama kwari ɗaya yana hawa sama kullum, waɗannan ne buhun da ya dace da shi.

Mu da ke tafiya da biza muna da wata 'yar fa'ida da ba mu lura da ita. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, kuɗinta ma faran ne ba Yuro ba, amma tana cikin yankin Schengen, ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, tun 2008, kuma mai neman bizar sai ya gabatar da tsarin tafiyarsa da inda zai kwana. Wannan takardar da aka rubuta wa ofishin jakadanci ita ce rabin aikin. A ɗauko ta, a rubuta cikakken kuɗin kowace tafiya a gefe, a ja layi ƙarƙashin na hawa tsauni, a haɗa jimla sau uku: yadda take, da rabinta haɗe da kuɗin katin rabi, da kuɗin katin yawo haɗe da abin da bai ɗauke ba. In tazarar ba ta wuce faran talatin ko arba'in ba, ni na fi karkata ga wanda ya fi sakar mini mara. Abu ɗaya dai, kada a sayi tikitin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Eurail ya fi haƙuri a nan, don akwai wata 11 tsakanin saye da fara amfani.

Ko wanne aka zaɓa, a shiga jirgi da shi a kammale. A Suwizalan ba a yankar tikiti bayan jirgi ya tashi, kuma tarar wanda aka samu ba shi da ingantacce wajen faran ɗari ce ban da kuɗin tafiyar. Mai Eurail na waya sai ya shigar da jirgin cikin manhajar Rail Planner ya kunna shi kafin ya hau. Katin rabi da katin yawo duk da suna ake yin su, mai duba tikiti kan nemi fasfo, kuma wayar da caji ya ƙare mata ba hujja ba ce a wurinsa.

Zuwana na biyu katin rabi na saya. Na kama gado kwana biyar a ƙauye guda, na sayi tikitin shiga da na fita kawai da wuri, na bar tsakiyar fayau. Kwana uku hadari bai ɗaga ba. Na yi ta yawon ƙafa a ƙasan kwari, ina cika gorata a famfon dandalin ƙauye, ina sayen burodi da cuku a kantin Coop, kowace safiya ina tsayawa gaban allon tasha tare da wani dattijo mai sanduna biyu da ba mu jin yaren juna. A rana ta huɗu allon ya nuna shuɗi. Dattijon ya nuna shi da sanda, ya dube ni. Na yanki tikiti a tsaye a kan dandamali, saura minti shida jirgi ya tashi.